Mundayen da Ba Baba Ne Ya Wanke Ba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, tun kafin maza su dawo daga maƙabarta tsakar gidanmu ta cika da mata, har babu wurin shimfiɗa wata tabarma. Ina zaune kusa da Inna a bakin ɗakinta. Duk wadda ta shigo sai ta durƙusa ta yi mana gaisuwa, sannan ta ƙara da magana guda, kamar a hanya suka haɗa baki: "Allah sarki, bawan Allah mai haƙuri." Matar maƙwabcinmu ta faɗa. Goggo, ƙanwarsa da ta zo daga Gadaka, ta faɗa tana share hawaye. Har matar Bulaman unguwarmu, wadda ta yi shekaru ba ta tako gidanmu ba, ta faɗa, ta kuma ce ita ba ta taɓa jin wanda ya yi kuka da shi ba.

Na zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Da maza suka dawo, ta bayan katanga muka riƙa jin muryar Baffa, ƙanen Baba, yana karɓar gaisuwa. Kukansa ya fi na kowa fitowa. Yana ta cewa, "Yayana ne, amma uba ne a gare ni." Aka gaya mana mutanen kasuwar shanu sun zo mota biyu, an rasa inda za a zaunar da su. Mutanen nan kuwa su ne waɗanda a 'yan shekarun ƙarshe, in sun hango Baba a hanyar masallaci, sai su tsallaka titi.

Baba ba mai haƙuri ba ne. Mafaɗaci ne, duk unguwa an san muryarsa. Ya taɓa korar wani alhaji daga shagonsa don ya ɗora ƙafa a kan akwatin aiki. Abin da yake da shi gaskiya ce, ita ce kuma ba wanda ya ambata a zaman makokin nan, don wanda ya ambace ta sai ya tuna ranar da aka kira Baba maha'inci a gaban jama'a shi kuma bai kare shi ba. Ni ce 'yarsa ta fari, ina wurin ranar. Shi ya sa na ce sai na faɗi Baban da na sani, saboda jikokinsa kada su tashi da wanda aka ƙirƙira musu a tsakar gida.

Asalin gidanmu maƙeran farfaru ne daga Gadaka, masu ƙera zobe da munduwa da 'yan kunne na azurfa. Baba ya gaji wannan, amma da ƙuruciyarsa ya yi zama a Kano wurin wani mutum, can ya koyo abin da muke kira wanki: a ɗauki kayan jan ƙarfe a sa musu rigar azurfa ko ta zinari da ƙarfin lantarki. Da ya zauna a Potiskum sai ya buɗe shago a hanyar kasuwar shanu. A shekarun casa'in da 'yan kai, lokacin da mai ya yi wuya, kuɗi kuma suka rage daraja, azurfa ta fi ƙarfin talaka, sai wanki ya samu kasuwa. Ni kuwa dillanci nake yi, ina shiga gida-gida wurin matan aure. Ina karɓo tsofaffin kayansu in kai masa, ina kuma sayar da sababbin da ya wanke.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Batirin babbar mota guda, don bai taɓa yarda da wutar layi ba, ya ce mai zuwa da tafiya ba sallama ba abokiyar aiki ba ce. Manyan kwalabe masu faɗin baki, ɗaya da ruwa shuɗi na jan ƙarfe, ɗaya da ruwa garau na azurfa, wanda yake haɗawa da wata farar hoda mai guba da yake sayowa daga Kano. Sai waya biyu. A ɗaya ya rataye guntun azurfa, a ɗaya ya rataye munduwar, ya nutsar da su duka cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. Guntun azurfar ya yi ta ramewa, munduwar tana yin fari. A tsakanin batir da kwalba kuma ya haɗa ƙwan fitilar mota. Wannan ƙwan shi ne ma'auninsa. Ba ya barinsa ya yi haske, ja kawai zai yi kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

Ba a cin abinci a shagonsa, ko goro ba a ɓarawa. Ruwan da ya gama aiki ba ya zubar da shi a kwata, rami yake haƙawa nesa da rijiya ya binne. In ya sunkuya kan kwalba ba ya amsa sallama, sai dai ya ɗaga hannu. Yana da gashin zabo guda da yake share 'yan kumfar da ke manne wa ƙarfe, ya ce duk inda kumfa ta zauna azurfa ba ta sauka, sai abu ya fito da tabo kamar fuskar mai zanzana. Rabin wuninsa kuma a kan goge kaya yake ƙarewa, da toka da tsamiya, har sai ruwa ya kwanta a jikin ƙarfen shamɓal bai dunƙule ba. Bayan haka ba mai taɓawa da hannu. Yakan ce, "Azurfa ba ta hawa kan maiƙo. In ma ta hau, baƙuwa ce."

Mun taɓa yin faɗa da shi sosai a kan wannan ƙwan fitilar. Wata mata a unguwar da nake shiga za ta aurar da 'yarta, ta ba ni kaya tuli, biki kuma ya matso. Na je shago da hantsi na tarar bai ma yi rabi ba. Na ce, "Baba, don Allah ka cire ƙwan nan ka saki wuta. Na ga masu yi a wasu wurare, kafin ka sha ruwa sun gama."

Ya ɗago ya dube ni. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, amma ranar ko sunan bai hana shi ba. Ya ce, "Uwata, dillanci kika iya ko wanki?"

Na ce, "Ni za a zaga, ba kai ba."

Ya ce, "To zauna. Ba inda za ki sai kin gani."

Ya ɗauko ƙusa biyu ya goge su. Ya rataye ɗaya a ruwan shuɗin nan yadda ya saba, ƙwan yana ja. Ɗayar kuma ya sa ta a wata kwalba, ya haɗa ta da wani batir kai tsaye. Nan take ta biyun ta fara tafasa da kumfa, ta yi ja kafin in gyara zama. Na ce, "Ka gani ko." Bai kula ni ba. Can sai na ga tsinin ƙusar ya fara ƙuraje. Ƙurajen suka yi tsawo, kowane ya fid da 'ya'ya, 'ya'yan su ma suka rabu, har ƙusar ta koma kamar saiwar ciyawa da aka tumɓuke, rassa ja-ja suna miƙa kansu wajen guntun jan ƙarfen da ke ɗaya gefen. Duk reshen da ya fi fitowa shi ya fi saurin girma. Tsakiyar ƙusar kuwa ta yi duhu kamar ta ƙone.

Ya ce, "Tsini da baki su suke fara cin wuta. In ka ƙara musu, sai su cinye rabon sauran jiki. Lungu ya kwana da yunwa."

Ya zaro ta, ya ɗauraye, ya ce in murza. Na murza da yatsa biyu, rassan suka zube a tafin hannuna, gari ja kamar na barkono. Ta farkon sai bayan azahar ya cire ta. Sumul take kamar bayan ƙwai, ya sa magagari ya karce ta da ƙarfi, ba abin da ya ɓamɓare. Ya jefa mini ita a cinya, ya ce in kai wa uwar amarya duka biyun ta zaɓi wadda take so a yi wa 'yarta. Na fita ina ƙunƙuni. Kayan sai da safiyar ɗaurin aure suka isa, matar ta yi mini tatas, har yau kuma amaryar tana sa su.

Alherinsa ma da faɗa yake zuwa. Akwai wata Bakarkariya, 'yar ƙabilar yankin, mai tuyar ƙosai a gefen shagonsa, tana da 'ya budurwa da kunnenta ba ya shiri da ɗan kunnen kasuwa. Da ta sa sai hudar ta kumbura ta yi ruwa. Wata rana Baba ya ga yarinyar ta kawo wa uwarta itace, ƙuda na bin kunnenta. Ya fito ya hau uwar da faɗa, ya ce wace irin uwa ce za ta bar kunnen 'yarta ya ruɓe saboda kwalliya. Matar ta ce, "Baba, to yaya zan yi? Sa'o'inta duk suna sawa, kuka take yi mini."

Ya ce, "Ciro su ki ba ni."

Yana da ɗan guntun zinari na gaske da yake adanawa don manyan aiki. Da shi ya wanke maratayan 'yan kunnen, ya yi ta maimaitawa, a hankali, ya cire ya goge ya mayar, har rigar ta yi kaurin da fata ba za ta taɓa jin ƙarfen ciki ba. Ya ce kada a sa sai hudar ta warke. Da matar ta aiko masa da ƙosai cike da kwano don godiya, sai ya mayar, ya ce ba a ci a shagonsa, ta kai wa Inna in ta matsa.

Abu guda ne ya bambanta wankinsa da na kowa. Duk munduwar da zai wanke, sai ya ɗiga kakin zuma a cikinta, wurin da ke kwanciya a kan fata. Azurfa ba ta kama inda kaki yake. In ya gama ya ɓare kakin, sai ga ɗan jan tabo kamar ƙwayar gero. Taga yake kiranta. Duk wanda ya zo saye sai ya juya munduwar ya nuna masa, ya ce, "Leƙa ka ga abin da ke ciki. Jan ƙarfe ne, azurfar riga ce."

A kan tagar nan suka ɓata da Baffa. Baffa fatoma ne a kasuwar shanu, wato a gidansa makiyaya suke sauka, shi yake tsaya musu a ciniki, kuma abin da ya ce su saya shi suke saye. In Bafulatani ya sayar da sa, ba ya komawa ruga sai da tsarabar matarsa. Wata Laraba da yamma, bayan an tashi kasuwa, ina shagon Baffa ya shigo ya zauna a benci. Ya ce, "Yaya, mutanen nan azurfa suke so. In sun ga tabon nan sai su ajiye. Ka daina ɗiga kakin, sauran magana ka bar mini."

Baba ya ce, "Wace magana?"

Baffa ya yi dariya ya ce, "Ni ba zan ce musu azurfa ce ba, ba kuma zan ce ba ita ba ce."

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, "Mutum ya kwana a gidanka, ya ci tuwonka, ya miƙa maka igiyar sansa, shi za ka yi wa haka? Tashi ka fita. In ka sake kawo mini wannan zancen, a gaban baƙin naka zan maimaita shi." Sai da masu shagunan kusa suka leƙo.

Baffa bai sake kawo masa zancen ba. Wurin ƙanena ya kai shi.

Ƙanena shi ne namiji guda a ɗakinmu. A lokacin ya yi aure, yana aiki ƙarƙashin Baba, kullum yana ƙorafin cewa abokansa sun yi babur shi yana goge ƙarfe da tsamiya. Kowace damina Baba kan tafi Gadaka ya duba gonar gado, ya bar masa shago. A daminar nan na biya wata rana na tarar da batir biyu a haɗe, ƙwan fitila a ajiye gefe, kwalba tana tafasa, mundaye jere a waya, Baffa kuma a benci. Ƙanena yana zaune da magagari yana kankare ƙurajen da suka fito a bakunansu. Na juya ɗaya, ba taga. Na ce, "Wa ya sa ka?" Ya ce, "Yaya, ki je ki yi dillancinki." Na aika wa Baba saƙo ta wurin direban motar Gadaka. Kafin ya iso kaya sun bi makiyaya.

Faɗan da Baba ya yi wa ƙanena ranar da ya dawo sai da Inna ta shiga tsakani. Ya je gidan Baffa ya ce a gaya masa rugagen da aka kai kayan ya bi su ya karɓo. Baffa ya ce makiyayi ba shi da adireshi.

Ba a jima ba bayan kaka, wani dattijon makiyayi daga wajen Nangere ya zo da 'ya'yansa maza, kowa da sandarsa, da matarsa a biye. Sun je wurin Baffa, Baffa ya ce shi daga shagon yayansa ya karɓo, a matsayin azurfa aka ba shi. Aka kai magana zauren Bulama. Aka ce ni ma in zo, tunda ina sayar da kayan shagon. A hanya Baba ya tsaya ya kama hannuna. Ya ce, "Uwata, in kika buɗe baki a wurin nan ban yafe miki ba." Na ce, "Baba, ba kai ka yi ba." Ya ce, "Matar ƙanenki tana da ciki. Mutanen nan in ba su fasa masa kai ba, gidan yari za a kai shi. Na gaya miki."

Na zauna a bakin ƙofar zaure tare da matar makiyayin. Ta nuna mini tsintsiyar hannunta, ta yi kore, ta yi ƙuraje. Ta ce a wurin suna aka yi mata dariya, azurfar ta saɓule a gaban mata kamar ɓawon albasa. A ciki kuwa zaure ya cika: dillalan shanu, mahauta, masu shagunan layinmu, waɗanda duk sun ji korar da Baba ya yi wa Baffa. Makiyayin ya ajiye mundayen a gaban Bulama, ya ce, "Ni saboda sunan maƙerin nan na saya. An ce mini ba ya ƙarya."

Baba ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannunsa. Daga inda nake ina hango abin da yake gani: bakin ya yi kauri da sawun magagari, cikin zanen adonta ko rufuwa bai yi ba, jikin kuma ya tashi ɓawo-ɓawo. Duk wanda ya taɓa riƙe kayan Baba ya san ba hannunsa ba ne, kuma babu gidan da ke zauren nan da ba kayansa a ciki. Bulama ya ce, "Daga shagonka ta fito?"

Baba ya ce, "Daga shagona ta fito."

"Ka san ba azurfa ba ce?"

"Na sani."

Na duba ƙanena, yana can baya ya jingina da bango, idonsa a ƙasa. Ina jira wani ya ce wannan ba aikin mutumin nan ba ne. Mai shagon da ke jikin na Baba yana nan. Limamin layinmu yana nan. Wanda ya yi magana Baffa ne. Ya gyara murya ya ce, "A yi masa afuwa, ranka ya daɗe. Tsufa ne, da kuma halin da ake ciki. Ni kaina ya ba ni kunya a gaban baƙina." Ɗaya daga cikin 'ya'yan makiyayin ya nuna Baba da sanda ya ce maha'inci. Baba, wanda ba a taɓa gaya masa ɗaya bai mayar da uku ba, bai ce uffan ba. Na ciji mayafina har sai da ya huje.

Aka yanke cewa zai mayar musu da azurfa ta gaske. Mundayen Inna na aure, waɗanda shi ya ƙera mata da hannunsa, su ya narkar. Ita ta ciro su daga ƙasan adaka ta miƙa masa. Da wasu makiyayan suka ji labari suka zo, sai gonar Gadaka ta tafi.

Daga nan ƙafa ta ɗauke daga shagon. Matan da nake shiga gidajensu suka riƙa aiko yara su ce ba sa nan. Baba ya yi ta buɗe shago kullum, ya goge kwalabe, ya zauna. Mai ƙosai ce kawai take gaishe shi da ƙarfi don kowa ya ji. Wata safiya ya haƙa rami ya juye ruwan duka, shuɗin da farin, ya binne, ya ba wani makanike batirin. Ƙanena kuwa Baffa ya ja shi kasuwar shanu, bai daɗe ba ya yi babur.

Na sha zuwa in sami Baba a zaure in ce, "Baba, yanzu ai ƙura ta lafa. Ka faɗa." Sai ya daka mini tsawa ya ce in tashi in ba shi wuri. Sau ɗaya ne kawai ya ba ni amsa. Lokacin tari ya riga ya kama shi, ƙirjinsa yana kuka. Ya ce, "Ni na koya wa ƙanenki haɗa waya. Ban koya masa tsoron Allah yadda ya kama ba. To laifin wa?" Na ce, "Laifinsa." Ya juya mini baya. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan. Ya hana ni faɗin gaskiya, shi da ya raine ni a kanta, ya kuma bar ni in riƙa haɗuwa da Baffa a wurin biki ina durƙusa masa.

Ran sadakar uku, Baffa ya shigo cikin gida yi wa Inna gaisuwa, ƙanena yana bayansa. Mata suka matsa musu. Ya tsuguna ya ce, "Sai haƙuri. Ɗan kuskuren da ya yi a baya ma, ni tuni na yafe masa, na kuma roƙar masa mutanen kasuwa."

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce, "Baffa, kai ka yafe masa?" Goggo ta ja zanena. Na fizge. Na ce, "Ya hana ni magana yana raye, na yi masa biyayya. Yanzu ya tafi. Kai ka kawo jan ƙarfen, wannan da ke bayanka shi ya wanke, ni na gan ku da idona. Baba yana Gadaka." Na faɗa da ƙarfi yadda mazan da ke waje za su ji, kuma sun ji, don surutunsu ya ɗauke.

Baffa ya miƙe yana kaɗe riga. Ya ce, "Zafin mutuwa ne, ku yi mata addu'a." Ƙanena ya bi shi, ko waiwaye bai yi ba. Mata suka taru a kaina, wannan ta ce ba a tone-tone a gidan makoki, waccan ta ce in bar mamaci ya kwanta lafiya. Ba wadda ta ce ƙarya nake yi. Inna tana zaune da carbi a hannu, ba ta ɗago ba. Na ɗauka ita ma fushi take yi da ni.

Ranar da ta fita takaba, da safe ta yi wanka, ta sa mayafinta, ta ce in raka ta. Ban san inda za mu ba sai da muka tsaya a ƙofar zauren Bulama. Yana zaune da mutanensa. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban maza ba, ta yi sallama ta tsaya a tsaye. Ta ce, "Bulama, a nan aka kira mijina maha'inci. Abin da 'yata ta faɗa ran sadakar uku gaskiya ne. Ɗana ne ya yi, ni na haife shi, ba zan yi masa ƙage ba. Ina so ka faɗa wa jama'a a inda aka faɗi na farko."

Bulama ya dubi na dama da shi, ya dubi na hagu. Ya ce, "Inna, Allah ya jiƙansa, mun san halinsa. Amma abin da ya wuce ai ya wuce."

Ta ce, "Ku ya wuce wa."

Muka juyo. Da muka isa gida, ƙanena yana tsakar gida yana wanke babur, don shi ya gaji gidan. Ta shiga ɗakinta ta ƙulle tufafinta a zane ɗaya. Ya ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Gidan yayarka." Ya miƙa hannu zai karɓi ƙullin, ta ɗora shi a kanta. Tun ranar a wurina take. In ya zo gaishe ta tana amsawa, tana tambayar yaransa ɗaya-ɗaya, amma ba ta sake kwana a gidan ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya wanke shi a gaban taron da ya fi na zauren nan girma. Sauran kuwa, malamai sun ce mini in sa su a addu'a ko zuciyata ta yi sanyi. Ina gwadawa. Da na zo kan sunayensu sai bakina ya ƙi.